Akwatin Baba a Ƙasan Allo

In aka tambaye ni aikin mijina, cewa nake yi gadi yake yi. Sai a ce gadin ina? In ce gadin abin da bai taɓa gani da idonsa ba. Mutane su ɗauka zolaya ce, alhali iyakar gaskiyata ke nan.

Kamfaninsu na da wasu manyan kwamfutoci a garuruwa daban-daban, a kulle cikin ɗakuna masu sanyi. Su ke riƙe da sayar da tikitin mota da na jirgin ƙasa. In ɗaya ta tsaya, sai layi ya taru a tasha, a yi ta zagin wanda bai ji ba bai gani ba. A ofis suna da sunan da suke kiransu da shi, ni dai injina nake ce musu, kuma har yau bai iya hana ni ba. Shi baban yara yana zaune ne a wani ɗaki marar taga, gabansa manyan allunan kwamfuta. Kowane inji na da ɗan akwatinsa a allon, a jere reras kamar kiret ɗin ƙwai. In akwati kore ne, lafiya. In ya koma ruwan ɗorawa, inji ya fara zafi ko cikinsa ya cika. In ya yi ja, ya faɗi ke nan. Daga kujerar nan yake shiga cikin injin da ya faɗi, ya buga 'yan rubuce-rubuce a wani baƙin shafi, ya kashe shi ya tayar, ko ƙafa bai ɗaga ba.

Kowane inji, bayan ɗan lokaci kaɗan, yana aiko da saƙo cewa yana nan. In saƙon bai zo ba, akwatinsa ya yi ja, waya ta ɗauki kuka. Wannan bayanin fa lokacin da yake nemana ya yi min shi. Wasu samarin na kawo turare, nawa ya kawo min darasi. Na aure shi a haka, don haka ba ni da bakin ƙorafi.

A ofis Lafiya-Lau suke ce masa, saboda ko rufin ɗaki ne ya faɗo masa a ka, in ka tambaye shi amsar ke nan. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Ba ya yawo, ba ya zagi, bai taɓa ɗaga min hannu ba. Cutarsa ɗaya ce: shi a wurinsa, duk abin da bai yi ƙara ba lafiyarsa ƙalau. Sai in yi kwana da kwanaki ina kumbure-kumbure a gabansa, ina ajiye kwano da ƙarfi, ko a jikinsa. Na taɓa ce masa ko in sa a liƙa min jar fitila a goshi ne? Ya yi dariya ya ce ai da an huta. Ku ji fa.

Mahaifinsa mai gyaran agogo ne. A ƙarƙashin teburin Baba mijina ya girma, yana tsince 'yan ƙananan kusoshin da suka faɗi da mayen ƙarfe. Baba ya so ya gaje shi, sai zamani ya juya, agogo ya zama abin da in ya mutu a jefar a sayi wani. Shago ya rufe. Baba ya kwashe kayan aikinsa ya hau da su ɗakinsa, can sama a wani tsohon bene a ɗaya gefen gari. A da gidan cike yake da iyalai. A hankali kowa ya tashi, ɗakunan suka zama wurin ajiyar taya da kwalaye. Aka bar Baba da Inna su kaɗai a hawan ƙarshe, sai agoguna da suka cika bango suna ta ƙas-ƙas.

Ranar da Inna za ta cika ina wurin. Ta kama hannun ɗanta ta riƙe gam, ta ce, "Ka sa ido a kan babanka. Ka san shi, ko yana mutuwa ba zai ce ga abin da ke damunsa ba."

Ya ce, "Na yi miki alkawari, Inna."

Kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Wannan zan iya dafa littafi a kai.

Bayan rasuwarta babu irin roƙon da ba mu yi wa Baba ba ya dawo wurinmu. Na gyara masa ɗaki, na sa labule sabo. Ya yi ƙememe. "Ku bar ni da agogunana, 'yata. A gidanku wa zai iya barci da wannan ƙarar?" Ga shi kunnensa ya yi nauyi. Waya sai ta yi kuka ta gaji bai ji ba. Ta farkon da aka saya masa ma buɗe ta ya yi don ya ga cikinta, ba ta sake moruwa ba.

To shi ne baban yara ya kawo dabarar da ya iya. Ya haɗa wata 'yar na'ura kamar girman sabulun wanka, mai madanni ɗaya tal a tsakiya, ya kafa ta a bango ƙarƙashin babban agogon Baba, kusa da gado.

"Baba, kullum in ka tashi da safe, ka danna nan sau ɗaya."

"Sai me ya faru?"

"Sai in san kana lafiya."

Baba ya dubi madannin, ya dubi ɗansa ta saman tabarau. Ya ce, "Ai in ka zo ma za ka sani."

Muka yi dariya dukanmu. Ni dai dariyar ba ta kai min ciki ba.

Baban yara ya je ofis ya ƙara akwati ɗaya a ƙasan allonsa, bayan injin ƙarshe, ya rubuta masa Baba. Ba da sanin kowa ba. In Baba ya danna, akwatin ya yi kore har gobe. In hantsi ya yi bai danna ba, ya yi ja, wayar mijina ta ɗauki kuka kamar yadda take yi wa kowane inji. Ranar ya dawo gida yana ta murmushi, wai yanzu Baba na gabansa yini guda, ya fi kowa cika alkawari.

Da fari yana zuwa wurin Baba duk Asabar. Sai aka rage ma'aikata a ofis, aka jibga masa injinan mutum biyu a kan nasa. Asabar ta zama bayan mako biyu, ta zama ƙarshen wata, ta zama in an samu sarari. Kullum da dalili, kuma dalilin gaskiya ne: cunkoson hanya, ana sauya wa inji kaya, abokin aiki ba lafiya. Da safe in ce, "Yaya Baba?" Sai ya ɗaga waya ya duba, ya ce, "Kore ne." Har yara suka ɗauka. Auta ta je ta gaya wa malamarsu wai kakanta kore ne, malama ta aiko a tambaye ni ko lafiya.

Ni ce nake zuwa da yara ƙarshen mako. In share, in wanke wa Baba kaya, in cika masa kwanuka da abin da zai kai shi 'yan kwanaki. Yana zaune a teburinsa, da ɗan gilashin nan na ido ɗaya a maƙale, yana gyaran wani agogon da mai shi ya daɗe da mantawa da shi. Sai na tashi tafiya zai ce, "Yaya mai gadin namu?"

"Yana wurin aiki, Baba. Ya ce a gaishe ka."

"To madalla. Aiki ai shi ne gaba." Sai ya mayar da kai kan agogonsa.

Sau biyu akwatin Baba ya taɓa yin ja. Na farko, mantawa ya yi. Baban yara ya hau babur a guje, ya haura bene yana haki, ya tarar da shi yana shan shayi hankali kwance. Suka yi dariya, Baba ya zuba masa nasa kofin, suka zauna har azahar. Makonni Baba yana ba ni labarin ranar, yana maimaita abin da ɗansa ya ce da abin da shi ya ce.

Na biyun ina wurin, na kai masa maganin ido. Tun asuba ya duƙufa a kan wani agogo, madanni ya fita daga ransa, ni kuma ban tuna na tambaya ba. Sai ji muka yi an banko ƙofa. Baban yara ne, gumi sharkaf, waya a hannu tana ta kuka. Ashe yana kan hanya injin babbar tasha ya faɗi, ba kowa a kujerarsa, oga na ta kira. Mutumin da ban taɓa jin muryarsa ta haura ba, ranar ya buɗe ta a kan mahaifinsa.

"Haba Baba! Abu ɗaya tal na roƙe ka! Ɗaya! Ka danna kawai! So kake a kore ni daga aiki? In aka kore ni, wa zai riƙe mu duka?"

Baba ya cire gilashin daga idonsa a hankali, ya ajiye a kan tebur. Ya ce, "Ka yi haƙuri. Ba za a sake ba."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsoho yana ba ɗansa haƙuri a gaban suruka! Na bi baban yara har matakala na wanke shi tas, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Ya sauka da gudu yana amsa waya. A ofis aka ja masa kunne sosai. Da daddare ya ce zai koma ya ba Baba haƙuri. Ya koma ɗin, bayan kusan wata guda, ya zauna kamar a kan ƙaya, waya a cinya.

Daga ranar akwatin Baba bai sake yin ja ba. Ko sau ɗaya. Baban yara har yabo yake yi, wai ka ga Baba ya gyaru, da ma faɗan ne bai sha ba. Wani zuwa da na yi, Baba ya ce in ina da tsohon silifas in kawo masa. Na ce me za ka yi da shi, Baba? Ya ce, "Aikin tsofaffi." Na kawo. Zuwa na gaba na ga ya rataya wani tawul a bango daga ƙasan babban agogo, ya rufe 'yar na'urar. Ya ce ƙura ke shiga mata. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da ƙura, wa zai yi masa musu?

Watanni suka shuɗe a haka. Sai ƙarambau ya shigo min gida. Babbar ta fara, tana warkewa Auta ta ɗauka. Likita ya ce kada in kuskura in kai su kusa da tsoho, ni ma in yi nesa tukuna. Na ce wa baban yara, "To ka ji. Ni ba zan je ba, sai ka je ka dubo Baba."

"Zan je Asabar."

Asabar ta zo, wai ana ƙaurar da injina daga wani gari zuwa wani, ba zai iya ɗaga ido daga allo ba. Wata Asabar ta zo, wai ya gaji, kansa kamar zai tsage. Na ce abincin da na bar wa Baba ai ya ƙare tuni. Ya ce Baba na sauka ya sayi burodi, ba yaro ba ne. Ya miƙo min waya har kusa da hancina.

"Duba da idonki. Kore ne. Me kike so in yi?"

"So nake ka je ka ga fuskarsa! Uba ne fa, ba inji ba!"

"In da matsala zan riga kowa sani. Aikina ke nan."

Na yi tsaki na shige wurin yara. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ni ma koren nan ya kwantar min da hankali, ba zan ɓoye ba. Abin da ka ji ana faɗa kullum safiya sai ya zauna maka.

Ana cikin haka aka kawo musu sabon oga. Mutum ne mai son ya san komai, ya ja kujera ya zauna kusa da baban yara, yana nuna akwatuna ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Har ya kai ƙasan allo.

"Wannan fa, Baba? A wane gari yake?"

Mijina ya sha jinin jikinsa, ya faɗi gaskiya. Oga bai yi faɗa ba, dariya ma ya yi, ya ce dabara ce mai kyau. Sai ya kai hannu ya buɗe akwatin, abin da mijina ya yi watanni bai yi ba, don launin ya ishe shi. A ciki akwai zanen da ke nuna lokacin da saƙo ke zuwa kowace safiya. Daga farko layin hawa da sauka yake yi kamar haƙoran zarto, yau da wuri, gobe a makare. Daga wani wuri kuma sai ya miƙe sambal kamar an ja shi da rula.

Oga ya ce, "Kai, babanka ya fi injinanmu kiyaye lokaci! Kullum a minti ɗaya, ba gaba ba baya."

Mijina ya fi kowa sanin ma'anar wannan. Shi ne mai koya wa sababbin ma'aikata cewa hannun mutum ba ya yin daidai, in ka ga abu ya miƙe haka to ba mutum ke yi ba. Ya kira ni da tsakar rana, da wata murya da ban san shi da ita ba. "Ki same ni gidan Baba. Yanzu."

Na bar yara wurin maƙwabciya, na fita da takalmi wari da wari.

Na tarar ya ɓalle ƙofa. Abin da na fara lura da shi shirun ɗakin ne. Duk ƙananan agogunan da ake murɗa wa makulli kullum sun tsaya, kowanne a lokacinsa. Babban ne kaɗai ke tafiya, don shi sau ɗaya a mako ake murɗa shi. Baba na kwance a ƙasa tsakanin gado da tebur. Da ransa, amma ɓarin jikinsa ɗaya ya saki, leɓɓansa sun tsattsage da ƙishi. Kofinsa na can gefe a kife, inda hannunsa bai kai ba. Mijina ya tallafo kansa yana ta kiran "Baba, Baba," kamar ƙaramin yaro.

Na waiga neman abin da zan jiƙa in goga masa a baki, na fizgo tawul ɗin nan na bango.

Sai ga shi. Daga cikin babban agogon wata 'yar sandar ƙarfe ta sauko, siririya, an lanƙwasa ta da kyau. A bakinta an ɗaura guntun roba, na gane ta, silifas ɗina ce. Tana tsaye daidai saman madannin. A cikin agogon Baba ya ƙara wani faifai mai ɗan doro, wanda ke zagayowa sau ɗaya a rana ya tura sandar ta danna. Aiki ne mai tsafta, an goge, an sa mai, ko tsatsa babu. Ya zauna ya ƙera wannan da idonsa mai ciwo don kada ya sake mantawa, don kada a sake tayar da ɗansa daga kujera.

Mijina ya ɗago ya gani.

Na jiƙa wa Baba leɓe. Ya buɗe ido ɗaya da ƙyar, ya daɗe yana kallon ɗansa kafin ya gane shi. Bakinsa ya karkace, maganar na fita a dagule, sai da muka sunkuya muka ji.

"Wa ka bar wa aikin?"

Maganarsa ta ƙarshe ke nan da muka fahimta. A asibiti likita ya ce ya kwana fiye da biyu a ƙasa. Ya fara cewa da an kawo shi da wuri, sai ya dubi fuskar mijina ya haɗiye sauran. Washegari da rana Baba ya cika.

Safiyar da ta biyo bayan binne shi, gidanmu cike da masu gaisuwa, wayar baban yara ta yi 'yar ƙarar da take yi kullum in saƙon Baba ya iso. Ya ɗaga ya duba, don hannunsa ya saba. Ina gefensa na gani. Kore shar. Ba wanda ya tuna ya tsayar da agogon. Ya kife wayar a kan tabarma, can ya sake juyo ta, ya zuba mata ido. A nan ne ya yi kukan da bai yi ba a asibiti, a gaban maza, ba kunya.

Yau ana neman shekara. Yana nan a kujerarsa, yana gadin injinan da bai taɓa gani ba. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu, kuma 'yan ofis sun daina ce masa Lafiya-Lau ba tare da kowa ya hana su ba. Akwatin Baba na nan a ƙasan allo. Oga bai sake tayar da zancen ba. Na ce mu je mu kwashe kayan ɗakin, a cire na'urar nan, a huta. Ya ce, "A bari tukuna." Na sake faɗa bayan wata biyu, ya ce a bari tukuna. Na ce wannan fa azabtar da kai ne, Baba ya tafi, ba shi ke dannawa ba. Ya ce ya sani.

Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, wani lokacin a numfashi ɗaya. Na daina tambayarsa komai da safe, amma ina ganinsa yana duba waya kafin ya kai loma baki.

Shi babban agogon, in ba a murɗa shi ba a mako, tsayawa zai yi. Don haka duk Asabar baban yara zai yi wanka, ya sa kaya masu kyau, ya ɗauki makulli. Ko ana ruwa, ko hanya ta cushe, ko ana ƙaurar da injinan duniya duka, sai ya ratsa gari, ya haura benen nan, ya murɗa agogon, ya zauna a kujerar Baba har azahar a ɗakin da babu kowa. Tun da aka binne Baba, ko Asabar ɗaya bai taɓa fashi ba.